Wane suna za mu sa wa kyamarar "manuwal" da Hausa?

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, mu tsayar da magana ɗaya. Kowa "manuwal" da "otomatik" yake cewa, amma in aka zo rubutu sai kowa ya kama gabansa.

Wasu sun ce "kyamarar hannu". Ban gamsu ba, don mai karatu zai ɗauka wadda ake riƙewa a hannu ake nufi, ba wadda ake girkewa kan ƙafafu ba.

An kuma kawo "kyamarar fim" da "kyamarar da". Nan ma akwai gyara. Konica C35 AF ta 1977 fim take ci, amma da kanta take daidaita gani. Haka Minolta 7000 ta 1985. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Leica har yau yana ƙera kyamarorin dijital na jerin M, kuma da yatsa ake daidaita ganinsu. Ashe ba tsufa ba ne bambancin, ba kuma fim ba. Wa ke yanke hukunci, mutum ko na'ura? Shi ke nan.

Ni dai ina kan "mai saitin hannu", kishiyarta kuma "mai saita kanta".

Ku dubi mai riƙe da Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976 aka ci gaba har 1997. Hannun hagu na murza zoben gilashi har fuskar da ke gabansa ta fito tas. Ya koma zobe na biyu ya rage ƙofar haske, idonsa na kan 'yar allurar ma'aunin haske da ke lilo a gefen tagar leƙe har ta tsaya a tsakiya. Ya danna, ya ja fim da babban yatsa, ya ji ƙarar nan a tafin hannunsa. Hoto 36 ne a naɗi ɗaya, don haka ba ya ɗauka sai ya natsu. In hoton ya yi kyau, aikinsa ne, ba wanda ya taya shi. Wallahi wannan ne ya sa za ka ga mutum da sabuwar kyamara mai gane idon mutum da kanta, amma ko aro ba ya ba da tsohuwar. Nikon FM2 ta 1982 ma ko batir ya mutu tana ɗauka, ma'aunin haske kawai ke tsayawa.

Kalmar "saiti" kuwa ta riga ta zauna a bakin kowa, ba sai an yi bayani ba. "Mai sarrafa kanta" ma daidai ce, sai dai ta fi faɗi, tana shiga kowace irin na'ura.

Saura ta tsakiya. Canon AE-1 ta 1976, kai ke zaɓar saurin ɗauka, ita ta zaɓi ƙofar haske. "Mai rabin saiti" na ke tunani, amma ina jiran naku.