Cikina ya shiga wata 8, ga santsin ƙanƙara a Kalgari, ku ba ni shawara

Mai tambaya (an ɓoye suna):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana. A watan Mayu na biyo maigidana Kalgari, wannan ne hunturuna na farko a Kanada, kuma cikin fari ne, yau sati 34. Mijina da asuba yake fita aiki, sai bayan magariba yake dawowa, ni kuma ban iya tuƙi ba. Duk ranar awo sai na taka kamar minti 10 kafin na kai tashar bas. Dusar ƙanƙarar ba ta dame ni ba, har sha'awa take ba ni. Amma shekaranjiya gari ya yi ɗumi ta narke, da dare kuma ta daskare, hanya ta koma kamar an shafa mata man gyaɗa. Jiya ma na ɗan zame a bakin ƙofa na zauna daɓas, amma ba wani abu, na tashi na karkaɗe jikina, ban ma faɗa masa ba don kar hankalinsa ya tashi. Ga Hajiyarsa kullum tana waya daga Kano wai in dinga tattaki don naƙuda ta zo da sauƙi. Wane irin takalmi zan saya? Ko dai in zauna a gida har Allah ya sauke ni?

Anti nas, Edmonton:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye maganar takalmi tukuna. Wannan "na ɗan zame" da kika faɗa a tsakiyar zance shi ne babbar maganar. Tashi yanzu ki kira mijinki, ki kira sashen haihuwa na asibitin da za ki haihu, ki ce kina sati 34 kuma kin faɗi jiya. Idan kin rasa lambarsu buga 811, layin lafiya ne na jihar Alberta da Kalgari ke ciki, nas ce za ta ɗauka ko ƙarfe nawa ne.

Ba tsoratar da ke nake yi ba. Jariri yana cikin ruwa, yawancin irin wannan faɗuwar ba ta yi masa komai. Abin da muke gudu mabiyiya ce. Girgizar faɗuwa tana iya ɓamɓare gefenta daga jikin mahaifa ko da ba cikin ne ya bugu ba, kuma wani lokacin jinin a ciki yake taruwa, ba ki ga komai a wando ba. Shi ya sa ake ɗaura wa mace bel ɗin na'ura a ciki na kamar awa 4, ana sauraren bugun zuciyar ɗa ana duba ko mahaifa tana ɗaurewa. In an ga abin da bai kwanta a rai ba a riƙe ta har kwana guda.

Faɗa min: yana motsi kamar yadda ya saba? Akwai jini, ko ruwa na zuba, ko ciwon mara, ko ciki yana tauri yana saki? Kuma kin san rukunin jininki? Idan negatif ne, akwai allurar da ake so a yi cikin awa 72 da faɗuwar.

Mai tambaya:
Anti yana motsi alhamdulillah, ba jini, ƙuguna ne kawai ke ɗan ciwo. Jinin ban riƙe ba, yana cikin takardata. Wallahi kunya nake ji in je a ce ba komai na ɗaga wa mutane hankali.

Anti nas, Edmonton:
Kunyar cikin fari ki bar ta a Kano. Aikinmu ke nan, babu mai hararar ki. Ɗauki takardar ki tafi, kuma ba a bas ba.

Hajiya, Winnipeg:
'Yata ki bi maganar Antinku. Allurar da take faɗa ma a nan garinmu aka haɗa irin wadda ake yi a Kanada, WinRho sunanta, "Win" ɗin na Winnipeg ne. Mu ma muna da abin alfahari ban da sanyi.

Shekarata 19 a ƙasar nan, uku na haifa a nan, biyu a tsakiyar hunturu. Abin da zan gaya miki, namu sanyin ya fi naku tsanani amma naku ya fi mugunta. Mu idan ya daskare a Disamba shi ke nan, dusa ce busasshiya tana ƙara ƙarƙashin ƙafa kamar yashi. Ku kuwa kuna da wannan iskar ɗumin da ke gangarowa daga duwatsu, shinuk, a yini guda sai ta narkar da komai, dare ya yi ya mayar da shi gilashi. Da safe kwalta ta yi baƙi tana ƙyalli, sai ki zata jiƙewa ta yi. Duk inda kika ga baƙi mai sheƙi, ƙanƙara ce har sai ƙafarki ta shaida akasin haka. Gara ki taka kan dusa fara a gefen hanya da ki taka wurin da ya yi kamar an share. Mafi sharri kuma ita ce ƙanƙarar da sabuwar dusa ta yi wa lulluɓi.

Tafiyar kuma ta agwagwa ce. Su a nan tafiyar fengwin suke cewa, wato tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara, hukumar lafiyar jiharku har talla take yi da hotonsa. Ki ɗan buɗa ƙafafu, yatsu su kalli waje kaɗan, gwiwa a sake, taku gajere, tafin ƙafa ya sauka gaba ɗaya ba dunduniya ta fara ba. Hannuwa a waje. Ki sa safar hannu mai kauri don kar sanyi ya sa ki cusa su a aljihu, domin mai hannu a aljihu faɗuwar buhu take yi. Waya ma a jaka.

Sai maganar sutura, wadda ba za ki ji a bakin likita ba. Abaya mai jan ƙasa da dogon hijabi har idon sawu ba na wannan watan ba ne. Bakinsu ya jiƙe ya daskare, ki take shi, ga ciki ya tsare miki ganin ƙafarki. Ki sa wando mai kauri, doguwar rigar sanyi ta rufe miki har ƙasan gwiwa, hijabi iya ƙirji a cusa cikin rigar. Kin suturtu, kuma ƙafa ta samu sarari.

Maman 'yan biyu, Kalgari:
Allah ya tsare gaba 'yar uwa. Ni dai a nawa, daga wata 8 ko shara ban ƙara fitarwa ba. Ki zauna a gida abinki, ranar awo Oga ya nemi izini a wurin aiki ya kai ki. Daga sati 36 ma duk mako za ki dinga zuwa, gara ku tsara tun yanzu. Hajiya tana Kano tana shan hantsi, ina ta san abin da ake ciki.

Anti nas, Edmonton:
Maman 'yan biyu, rabin maganarki na yarda da ita. Oga ya kai ta, wannan haka ne. Amma zama wuri ɗaya sati 6 shi ma ba alheri ba ne ga mai tsohon ciki, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, ga haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Hajiyar Kano ba ta yi kuskure ba, wurin tattakin ne za a sauya. Manyan kantuna irin Sunridge ko Chinook Centre da ɗumi, da benci, da banɗaki, tsofaffi da yawa can suke zagayensu da safe. A tsakiyar gari kuna da gadojin nan rufaffu da suka haɗa benaye, Plus 15, sai ki yi tafiyar kilomita ba ki taka waje ba. Ko barandar cikin gidanku ta isa, minti 20 ko 30.

Kuma ku daina ganin kamar rashin kula ne ke kayar da mai ciki. Nauyi ya koma gaba, jijiyoyin gaɓoɓi sun saki saboda jiki na shirin haihuwa, santsin da da za ki yi tangal-tangal ki tsaya, yanzu sai ya kai ki ƙasa.

Yayarku ta Toronto:
Bari in amsa na takalmin tunda kowa ya tsallake. Tsada da gashin ciki ba su ne ba, ƙasan za ki juya ki duba. Akwai wata cibiyar bincike a nan Toronto da ke gwada takalman hunturu a kan ƙanƙara ta gaske, suna sa sakamakon a shafin Rate My Treads, kuma da yawan masu kyan gani faɗuwa suke yi a gwajin. Nemi mai ƙasan Vibram Arctic Grip ko Green Diamond, marar tudun dunduniya. Ki ƙara lamba ɗaya a kan wadda kike sawa don ƙafa na kumbura ga safa mai kauri, ki kuma zaɓi mai zif, don ɗaure igiya da wannan cikin sai an yi da gaske.

Akwai kuma ƙarafunan da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa, irin su Yaktrax, suna cizon ƙanƙara sosai. Sai dai a kan tayil ɗin kanti ko asibiti su ne santsin da kansu, dole a cire a bakin ƙofa. Ni a nan suka ba ni wahala, don tsayawa da ƙafa ɗaya ina cirewa ya fi tafiyar haɗari. In babu benci ko mai riƙe ki, takalmin kirki kawai ya fi.

'Yar Maraɗi, Montreal:
Sannu ƙawata. Mu nan matakalar gidajenmu a waje take, ta ƙarfe mai murɗe, ga ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Abin da na koya, ba a tsakiyar hanya aka fi faɗuwa ba, a bakin ƙofa ne da wurin sauka daga mota, kamar dai yadda ya same ki. In za ki fito daga mota ki juyo da jikinki duka, ƙafa biyu su sauka tare, ki dafa ƙofa, ki ɗan goga ƙafa ki ji ƙasan kafin ki miƙe. A matakala hannu ɗaya na ƙarfen dafawa ne, kaya kuma a jakar goyo. Kuma ki riƙe hannun mijinki a waje, babu dangin miji a kan titi balle a ce kin yi rashin ta ido.

Maman 'yan biyu, Kalgari:
Na manta, bakin ƙofar taku wa ke sharewa? Dokar birni ta ce mai gida ya share hanyar ƙafa ta gaban gidansa cikin awa 24 bayan dusa ta tsaya, in haya kuke ku duba takardar haya ku ga a wuyan wa take. In maƙwabta ne suka bar tasu, 311 ake kira, layin hukumar birni. Gishiri kaɗai ba ya aiki sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, sai an haɗa da yashi. Birni na ajiye haɗin yashi da gishiri kyauta a tashoshin 'yan kwana-kwana da dama, Oga ya je da bokitinsa da shebur.

Mai tambaya:
Iyayena na gode, Allah ya saka da alheri. Mun dawo yanzu. Sun ɗaura min na'urar awa 4 da wani abu, suka ce yaro lafiya lau, ƙugun kuma buguwa ce. Ashe jinin nawa negatif ne, an yi min allurar a sati 28 ban san ta mece ce ba, yau sun ƙara min wata. Maigida ya yi faɗa a mota kan ɓoyewar da na yi, daga nan ya wuce neman yashi. Hajiyarsa kuma da ta ji labari cewa ta yi kar in ƙara leƙa ko tsakar gida, yanzu ita nake lallashi. Yaya ta Toronto, lamba 39 nake sawa a gida, nawa ke nan a lissafin nan?