Muhawara: Shin kwamfuta za ta iya faɗin matakin da ya fi wuya a Sokoban ba tare da kowa ya buga ba?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Abin nan da nake ta damun ku da labarinsa ya fara aiki. Ga wanda bai san Sokoban ba, gem ne da Hiroyuki Imabayashi ya ƙirƙira a Japan, kamfanin Thinking Rabbit ya fitar da shi a 1982. Ma'aikaci ne a cikin sito yana tura akwatuna zuwa gurabensu. Turawa kawai yake iya yi, ba ya ja, kuma ba ya tura biyu a haɗe. Abin da na haɗa yana ɗaukar kowane mataki, wato kowane tsarin sito da ake son a warware, a rubuce, ya miƙa wa manhajar da ke warware shi, ya ƙirga taku da turi, ya ƙirga yawan yanayin da injin ya bincika kafin ya sami mafita, ya zuba duka a jadawali, sannan ƙirƙirarriyar basira ta rubuta taƙaitaccen bayani a kan kowanne. Na gwada shi a kan Microban, tarin ƙananan matakai 155 da David Skinner ya tsara. Magana ta ita ce: daga yanzu mai nazarin tsarin irin wannan gem ba ya buƙatar zama ya buga. Jadawalin ya isa ya nuna mai wuya da mai sauƙi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanena. Ni dai ina bayanka a rabin maganar. Akwai abin da na'ura ta fi mu nesa ba kusa ba. Mutum zai kwana a kan mataki yana zargin kansa, alhali matakin ba shi da mafita tun asali, wanda ya kwafe shi ne ya tsallake gurbi ɗaya. Injin zai gaya maka wannan. Haka in mai tsarawa ya bar wata ɓarauniyar hanya da bai lura da ita ba, injin ne zai tono ta.

Malam Mai Lissafi: Ɗaya rabin kuma fa, Injiniya? Can ne rigimar take. Ɗan Auta, turo mana layin farko na jadawalinka, mataki na 1.

Ɗan Auta: Ga shi Malam.

```
####
# .#
#  ###
#*@  #
#  $ #
#  ###
####
```

Alamar # bango ce, @ ma'aikaci, $ akwati, ɗigo kuma gurbi, * akwatin da ya riga ya zauna a gurbinsa. Mafitar da injin ya ba ni: dlUrrrdLullddrUluRuulDrddrruLdlUU. Harafin l hagu, r dama, u sama, d ƙasa, babban harafi na nufin an yi turi. Taku 33, turi 8. Yana can ƙasa cikin masu sauƙi.

Malam Mai Lissafi: Madalla. To kowa ya dubi hoton nan da kyau. Akwati biyu ne, ɗaya ya riga ya isa gida. Duk wanda ka ba wa wayar nan karon farko, me zai yi? Zai bar wanda ya zauna, ya zagaya bayan ɗayan ya turo shi hagu, da niyyar ya koma ƙarƙashinsa ya tura shi sama. Sai ya tarar ba hanyar zuwa ƙarƙashin. Akwatin da ya turo ya toshe gefe ɗaya, wanda ke zaune a gurbi ya toshe ɗayan. In ya ƙara turi ɗaya kuma ya manna shi da bangon hagu, daga nan ba mai ɓamɓaro shi. Yanzu ku duba turin farko a mafitar da injin ya bayar, harafi na uku. Akwatin da ya riga ya zauna ne aka fara turewa daga gurbinsa, don a buɗe hanya, sai daga baya aka dawo da shi. Duk matakin don wannan turi ɗaya aka gina shi. Skinner yana koya wa mai buga gem tun daga ƙofa cewa wani lokaci sai ka rushe abin da ya yi daidai. A jadawalinka wannan turin da sauran bakwai ɗin duk ɗaya ne, kowanne 1.

Uwar Biyu: Wallahi Malam kamar kana wurin. 'Yata ta makale a nan ɗin, ta rantse an yi kuskure a gem ɗin. Da na ce ta taɓa wancan akwatin sai ta ce ai shi ya gama nasa.

Ɗan Auta: Malam, na ji, amma wannan ba abin da ya gagari na'ura ba ne. Zan iya ƙara shafi guda a jadawalin: sau nawa mafita ta fitar da akwati daga gurbinsa, sau nawa ta nisanta shi da inda za shi. Aikin dare ɗaya ne.

Malam Mai Lissafi: Za ka iya. Amma wa ya gaya maka ka ƙara shafin? Mutumin da ya zauna ya buga. Ka ce ba a buƙatarsa, ga shi kuma daga bakinsa kake ɗauko abin da za ka auna. Sannan ko ka ƙara, akwai saura. Dabarar nan sau ɗaya take ba mutum wahala. Wanda ya wuce mataki na 1, in ya sake haɗuwa da ita a gaba, ko tsayawa ba zai yi ba. Matakin bai sauya ba, lambobinsa ba su sauya ba, wahalarsa ta tafi. Ashe wahalar tana tsakanin matakin da abin da mai bugawa ya riga ya sani, kai kuma gefe ɗaya kake aunawa.

Kawu: Ku bari in sa baki, ni da na fara buga wannan abu tun a kwamfutar ofis mai baƙin allo. Ɗana, shafin da na fi rashin yarda da shi a jadawalinka shi ne na yawan yanayin da injin ya bincika. Wannan wahalar injin ce, ba tamu ba. Akwai tsofaffin matakai 90 da masu bincike suka mayar ma'auni. A Jami'ar Alberta ta Kanada, Andreas Junghanns da Jonathan Schaeffer sun yi shekaru a kan manhajarsu Rolling Stone a ƙarshen shekarun 1990, ta tsaya a ƙasa da 60. Sai a 2020 manhajar Festival ta Yaron Shoham ta cinye duka 90 ɗin. A duk tsawon shekarun nan mutane suna gama su da hannu. Me ya sa? Mataki mai akwati da yawa da fili mai faɗi yana kashe inji, don hanyoyin da zai bi suna ninkuwa. Mutum kuwa kallo ɗaya zai yi ya ga ɗakin gurabe mai ƙofa ɗaya, ya san sai an fara cika na can ciki, kamar yadda ɗan dako ke fara jera buhu daga ƙuryar sito. Saura kuma haƙuri ne da zirga-zirga. A ɗaya ɓangaren, ɗan ƙaramin mataki mai akwati uku da inji zai gama kafin ka ƙifta ido, shi ne zai hana ka barci.

Injiniya: Kawu ya taɓo gaskiya. Kuma kada a manta Joseph Culberson ya tabbatar tun 1997 cewa Sokoban yana cikin ajin matsalolin da masana ke kira PSPACE-complete, wato ana iya gina matakin da gajeriyar mafitarsa ma tsawonta ya wuce hankali. Don haka Ɗan Auta, ranar da ka bar Microban ka shiga manyan matakai, wasu layukan jadawalinka za su dawo fayau, injin ya ƙare lokacinsa bai samu ba. Me za ka rubuta a wurin? Mai wuya? Ko mara mafita? Ba ka san ko ɗaya ba.

Ɗan Auta: Duk kun taru a kaina. To ga tambaya. Kamfanin King mai Candy Crush ya wallafa a 2018 cewa yana amfani da na'ura wajen gwada sababbin matakai, tana hasashen wahalarsu kafin a sake su. Kamfanin da ke cin abinci da wannan sana'a ya yarda, mu ne za mu ƙi?

Malam Mai Lissafi: Ka karanta yadda suka yi kuwa? Da wasannin mutane na gaske suka horar da ita, don ta riƙa zaɓen abin da mutum zai zaɓa, har da kurakuransa. Ba inji mafi gwaninta suka nema ba, mai kama da mu suka nema. Hujjar tawa ce ka ɗauko. Kuma a Sokoban ɗin kansa an yi wannan bincike. Petr Jarušek da Radek Pelánek na Jami'ar Masaryk a Jamhuriyar Cek sun tattara bayanan yadda mutane ke warware ƙananan matakai, suka wallafa a 2010. Sun ga tsawon mafita da yawan yanayin da ake iya shiga a matakin ba sa hasashen wahala sosai. Abin da ya fi dacewa da wahalar da mutane suka sha shi ne ko matakin yana rabuwa gida-gida, ka gama da waɗannan akwatuna sannan ka koma kan waɗancan, ko kuwa duk a sarƙe suke.

Ɗan Auta: To ai shi ke nan Malam! Wannan rabuwar ma lissafa ta suka yi da kwamfuta. Ma'auni ne, kuma ya yi aiki. Kenan ba cewa za a yi na'ura ba ta iyawa ba, cewa za a yi na zaɓi ma'aunin da bai dace ba. Ba ni lokaci in sa nasu.

Injiniya: Nan kam yaron ya kama ka, Malam.

Malam Mai Lissafi: Ya kama gefen riga dai. Da me suka gane ma'aunin ya yi aiki? Da lokacin da mutane suka ɓata suna bugawa. In ya ce zai ari ma'aunin da aka riga aka gwada a kan mutane, ba ni da ja a kan ƙananan matakai irin waɗanda aka gwada. Amma ya kai shi kan Baba Is You na Arvi Teikari, inda dokokin gem ɗin kansu ake turawa kamar akwati, mu ga abin da zai auna.

Uwar Biyu: Ni duk ba lambobin ne suka dame ni ba. Ɗan Auta, turo bayanin da ƙirƙirarriyar basirar ta rubuta a kan mataki na 1, mu gani.

Ɗan Auta: Ta ce mataki ne na gabatarwa mai sauƙi, yana koya wa sabon ɗan wasa yadda ake tafiya da turi, kuma yana buƙatar tsara hanya da kyau.

Uwar Biyu: Ka gani ko? Wannan jimlar za ka iya liƙa ta a ƙarƙashin kowane mataki a duniya ta zauna daram. Ba ta ce uffan a kan akwatin da ake turewa ba, wanda shi ne duk labarin. Kuma abin tsoron, wanda ya karanta zai ɗauka an yi nazari. Gara a bar wurin ba komai da a cika shi da irin wannan. In ajiye tarihin yadda aka tsara gem kake son yi, abin da na gaba zai nema shi ne me mai tsarawa yake so ka gane a nan, kuma wane tarko ya ɗana maka.

Ɗan Auta: Anti, ai hoton matakin kawai na ba ta da lambobin. In na ba ta mafitar turi bayan turi, da wuraren da akwati ke mutuwa, bayanin zai fi haka.

Kawu: Zai fi. Amma wa zai duba ya tabbatar ba ƙarya ta shirga ba? Sai wanda ya buga. Ni shawarata, ka bar wa injin abin da ba ya kuskure a kai: kwafe matakai, tabbatar da mafita, ƙirga, nuna lungunan da akwati ba ya fita. Shafin wahala da na manufar mai tsarawa ka bar su a buɗe.

Ɗan Auta: Na manufa na bari, Kawu. Na wahala kam ban sallama ba. Mu gwada. Zan zaɓo matakai daga tsakiyar Microban, in sa ma'aunin rabuwar nan, in jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, in ba Injiniya jerin ya riƙe. Ku kuma ku buga, kowa ya rubuta lokacin da ya ɗauka. Sai mu kwatanta.

Malam Mai Lissafi: Na yarda, da sharaɗi biyu. Kada kowa ya buga su a jeri iri ɗaya, don na farko yana koya maka na biyu. Kuma Kawu ba ya ciki, ya haddace su.

Kawu: Ranka ya daɗe, wannan zalunci ne.

Uwar Biyu: Ku sa 'yata a madadinsa. Amma a faɗa tun yanzu, ana barin maɓallin komawa baya ko ba a bari? Don in babu shi, ita kam ba za ta buga ba.

Injiniya: A bar shi, amma kowa ya ƙirga sau nawa ya danna. Ɗan Auta, turo min jerin ta gefe kafin Juma'a.