Neman shawara: me zai hana a daina jan waya, a riƙa harba wuta zuwa unguwanni?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku fara dariya, don wadda aka yi mini a gida ma ta ishe ni.

Kwanakin baya iska ta karya falwaya uku a layinmu, wayoyi suka kwanta a ƙasa, muka kwana huɗu a duhu. Ina zaune ina kallon yara suna harbin gwangwani da danƙo, sai wani tunani ya faɗo mini. Dutsen da yaro ya harba ai ƙarfi yake ɗauke da shi, shi ya sa yake lotsa gwangwanin. To me zai hana tashar wuta ta riƙa harba ƙwallayen ƙarfe ta sama, kowace unguwa a kafa mata wata katuwar na'ura mai baki kamar mazurari, ta cafe su, ta mayar da ƙarfin gudun nan lantarki? Ba falwaya, ba wayar da za ta tsinke, ba ɓarawon da zai zo ya yanke ta cikin dare. Unguwar da ta fi buƙata a ƙara mata harbi, wadda ba ta biya ba a kau da bakin igwar.

Wata biyu ke nan ina zane-zane, littafin ya kusa cika. Ni ba injiniya ba ne, kimiyyata ba ta wuce ta sakandare ba. Abin zai yiwu kuwa? In fara tara kuɗi in ƙera ƙarami, in nemi rajistar mallakar fasaha, ko in haƙura? Ku faɗa mini gaskiya komai ɗacinta.

Sarkin zolaya:
Ɗan'uwa, kada ma a kau da bakin igwar. A saita ta daidai kan rufin wanda ake bi bashi, wallahi kafin wata ya tsaya kowa ya biya.

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ban yi dariya ba, don tushen maganarka daidai ne. Abu mai gudu yana ɗauke da makamashi, kuma ana iya karɓe shi. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan maganaɗisu ya ratsa ta cikin naɗaɗɗiyar waya, wuta tana fitowa. Motoci masu aiki da lantarki ma idan suka taka birki, wani kaso na gudunsu batir yake komawa. Saboda haka na'urarka mai cafewa ba tatsuniya ba ce.

Matsalar a lissafi take, bari mu yi shi tare. Makamashin abu mai gudu shi ne rabin nauyinsa, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Ɗauki harsashin AK-47: nauyinsa kamar giram 8, yana fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa. Wannan ya ba mu jul 2,000 ko kusa da haka, jul kuwa shi ne ma'aunin makamashi. Ka san me zai yi maka? Zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 na minti uku da 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Yunit ɗaya na wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, jul miliyan 3.6 ne, harsashi 1,800 ke nan. A ce gidanka yunit 5 yake sha a yini. Kana buƙatar a harbo maka harsashi 9,000, wato kusan duk daƙiƙa goma ɗaya ya dira, dare da rana. Gida ɗaya fa.

Za ka ce a ƙara girman ƙwallon. To a ƙara. Kilo guda na ƙarfe, a harba shi da gudun mita 1,000 a daƙiƙa, kusan ninki uku na gudun sauti. Jul 500,000 ne, bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na yunit ba. Birnin da ke shan megawat 1,000 zai buƙaci irin wannan ƙwallo 2,000 a kowace daƙiƙa. Tan biyu na ƙarfe a daƙiƙa, fiye da tan 170,000 a yini. Kuma duk wannan na yi maka ragi ne, na ɗauka iska ba ta ci komai ba a hanya, alhali turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Wata 'yar uwa:
Ni ban iya lissafin Malam ba, tambaya ɗaya gare ni Yaya. Ƙwallayen nan idan sun gama aikinsu a unguwa, wa zai mayar da su tasha? Ko nan za a bar mana su su yi tsauni? Sannan a ce cikin miliyan ɗaya guda ɗaya tak ya kauce wa mazurarin. A lissafin Malam, hakan na nufin kusan duk minti takwas kilo guda na ƙarfe zai faɗo kan wani ko kan rufinsa. Jifa a tsakiyar kasuwa ke nan, ba ka san kan wa za ta sauka ba. Ban ma yi maganar tsuntsaye da jiragen sama da ƙarar da za ta hana jarirai barci ba.

Mai tambaya:
Ƙanwata kin kama ni, maganar mayar da su ko sau ɗaya ba ta zo mini ba. To Malam, idan batura masu caji aka riƙa jefawa fa, a hankali, ba da gudun harsashi ba? Ƙarfin yana cikin batirin, jifan kai saƙo kawai zai yi.

Malamin kimiyya:
Wannan ya fi na farko hankali ta fuskar lissafi. Batirin litiyam mai kyau yana riƙe kamar wat 250 na awa guda a kowane kilo, wato kilo huɗu yunit ɗaya. Ka ga batirin da ke ajiye a kan tebur ya fi wancan ƙwallon da ke tsaga sama ɗaukar makamashi. Sai dai litiyam ba ya son duka, idan ya lotse ko ya huje wuta yake kamawa, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. In kuwa a hankali za a kai shi, me ya kawo jifa? A loda a mota mana.

Mai son tarihi:
Bari in shigo da abin da aka taɓa gwadawa. A 1918 Jamusawa sun yi wata igwa da suka riƙa harbin birnin Paris da ita daga nisan kilomita kusan 120. Harsashinta ya ɗan haura kilo 100, yana fita da gudun da ya kai mita 1,600 a daƙiƙa, yana hawa sama har kilomita 40, ya yi kamar minti uku kafin ya sauka. Sai da masu saitin suka sa jujjuyawar duniya cikin lissafinsu, kuma duk da haka abin da za su iya nufa shi ne birni sukutum, ba wani gini ba, balle mazurarin unguwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cin da harbin ke yi wa cikin bututun. Kowane harbi sai ya ɗan rarake shi, don haka aka sa wa harsasan lamba, kowane ya ɗan fi wanda aka harba kafin shi kauri, a bi su a jere. Bayan harbi 65 sai a mayar da bututun masana'antar Krupp a sake yi masa aiki. Idan ka bi ƙa'idar Malam, duk wannan hidima makamashin harbi ɗaya kusan yunit 40 ne a bakin igwa.

Igwa mai aiki da lantarki ma, irin wadda kake tunani, sojojin ruwan Amurka sun gwada. A 2010 sun yi harbin da ya kai jul miliyan 33, wato yunit 9 da ɗan ɗoriya. Zaizayewar ƙarafan da harsashin ke bi tana cikin abin da ya dame su, a 2021 suka daina zuba wa aikin kuɗi.

Amma kada ka ji kamar kai kaɗai ka taɓa tunanin raba ƙarfi a birni ba da waya ba. Landan ta yi kamfanin da ke tura ruwa mai matsi ta bututun ƙarƙashin ƙasa, yana ɗaga lif da injinan ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa, daga 1883 har 1977. Paris kuma matsattsiyar iska ta riƙa rabawa ta bututu, ba a rufe ba sai 1994. Duka biyun wayar lantarki ce ta ture su.

Mai tambaya:
Madalla, ai ka ba ni mafita. Bututu! A sa ƙwallayen cikin bututu, ba mai faɗowa kan kowa. A zuƙe iskar ciki don kada ta rage musu gudu. A yi bututu na biyu da zai mayar da su tasha, an amsa tambayar ƙanwata.

Tsohon ma'aikacin layin wuta:
Yaro, ci gaba, ka kusa isowa gida. Shekaruna sun tafi a kan falwaya, bari in taya ka gyaran. Bututunka yanzu yana buƙatar hanya, a haƙa ƙasa ko a kafa turaku, wato abin da ka gudo ka komo. Ƙwallayen suna gogar bango a kan kwana, to a rage musu nauyi. A ƙara ragewa, har su zama ba a ganinsu. Tunda gudu ne ke jawo asara, a cika bututun da su maƙil, ta yadda in ka tura ɗaya ta wannan baki, nan take wani ya fito ta wancan, ba sai kowane ya yi tafiyar ba. Ga na zuwa, ga na komawa.

Abin da ka ƙera sunansa waya. Jan ƙarfe cike yake da 'yan ƙwayoyin da ake kira ilektoron, janareta turi kawai yake yi musu. Su kansu tafiyar hawainiya suke yi, a wayar gida ko milimita guda ba sa cikawa a daƙiƙa, amma turin yana isa da saurin da ya kusa na haske. A wutar da ake rabawa gidaje ma ba sa zuwa ko'ina, gaba da baya suke yi sau 50 a daƙiƙa, a wasu ƙasashe 60.

Kuma kada ka raina ta don iska ta kayar da taku. A Amurka abin da ke salwanta tsakanin tasha da gidaje kusan kashi 5 cikin 100 ne. Sin tana da layi daga Changji zuwa Guquan, kilomita kusan 3,300, volt miliyan 1.1, yana ɗaukar megawat 12,000. Da ƙwallayenka ne, 24,000 ke nan a daƙiƙa. Naka tsarin tufka da warwara ne: lantarki ya zama gudu, gudu ya sake zama lantarki, kowane juyi a bar wani abu a matsayin zafi. Ciwon da ya dame ka na faɗuwar falwaya, maganinsa da aka sani shi ne binne waya a ƙasa, ko a samar da wutar kusa da mai shanta, kamar faranti mai zuƙar hasken rana da batir. Ka riƙe kuɗinka, kada ka kai su rajista.

Mai tambaya:
Baba na gode, jikina ya yi sanyi amma na gamsu. Wata biyu ina wahala ashe waya nake ƙirƙirowa. Littafin fa, in yaga?

Mai naɗin kwayil:
A'a maigida, kada ka yaga. Ƙera ƙaramin, amma don yara su gani, kayan ma duk tsofaffi ne. Nemo bututun roba mai tsawon kamu biyu, da siririyar waya mai fenti irin ta cikin tsohuwar fanka. Naɗa ta a wuri ɗaya a tsakiyar bututun, zagaye ɗari biyar ko fiye, ka matse naɗin kada ya bazu. Kankare fentin bakin wayar biyu da reza sai jan ƙarfen ya fito fes, nan mutane suka fi yin kuskure, su ce abin bai yi ba. Haɗa ƙaramin ƙwan LED. Sai ka samo maganaɗisu mai ƙarfi, irin ƙananan nan masu sheƙin azurfa, wanda zai wuce cikin bututun ba tare da ya maƙale ba. Kashe fitila, sake shi daga sama, ƙwan zai yi ƙyal.

In kana so abin ya ƙayatar, sa ƙwai biyu, ja da kore, ka juya ƙafafun ɗaya saɓanin ɗayan. Lokacin da maganaɗisun ke shiga naɗin ɗaya zai haska, lokacin fita ɗayan ya karɓa, don wutar juyawa take yi. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasan bututun, irin wannan maganaɗisu yana da saurin fashewa in ya bugi siminti, kuma ka hana ƙananan yara taɓa shi, haɗiye shi haɗari ne babba.

Sarkin zolaya:
In ya haska ka turo mana hoto. Amma don Allah ka fara sanar da mu unguwar da za ka saita.