Tumatir da attarugu a cikin ɗaki: tsirona sai tsawo suke yi suna faɗuwa, ku taimaka

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin harkar shuka ku agaza mini. Ina Garwa ta Kamaru, wajen Yelwa, gidan haya ne mu huɗu a ciki, mai gidan ma nan yake da iyalinsa da awakinsa. Maigidana direban babbar mota ne, in ya kama hanyar Njamena sai ya yi makonni, kuɗin cefane kuma ba ya kaiwa, shi ya sa na ce bari in nemi abin yi a cikin gida. Bara na jera bokitai a tsakar gida, awakin nan suka cinye tas, da na yi magana matar mai gidan ta ce ai tsakar gida ba gona ba ce, har yau gaisuwarmu sama-sama. To akwai wani ɗan ɗakin ajiya da ke cikin hayarmu, rufin kwano ne, na share shi, na sayi fitilar shuka mai haske shunayya, an rubuta 1000W a kwalinta. Na zuba irin tumatir da na attarugu. Tumatir ya fito amma siriri, dogo, fari-fari, wasu kuma suna karyewa daga wuya su kwanta. Attarugu shiru. Ina ba su ruwa safe da yamma ba fashi. Burina in samu na sayarwa lokacin da tumatir ke tsada. Kuɗin adashena ne a ciki. Me zan ƙara musu?

Uwar Gida: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka. Awakin mai gida kam annoba ce a gidajen haya, kuma in ka yi magana a ce ka cika fitina.

Injiniya: Hajiya, kin ba mu labarin awaki amma ba ki faɗi abin da ake buƙata ba. Faɗin ɗakin nawa? Akwai taga? Tazarar fitilar da tsiron nawa? Awa nawa take kunne? Kafin ki amsa ma, ga abin da ke faruwa. Tsiro mai tsawo, siriri, mai fari-fari, yunwar haske yake ji, yana miƙa wuya yana nemanta. Taki ba ya maganin wannan, in kin zuba ma ƙara lalata shi za ki yi. Lambar 1000W da ke jikin kwali talla ce. Juya fitilar ki karanta ƙaramar takardar da ke bayanta, ko ki kai wa mai gyaran lantarki ya auna, galibin irinsu abin da suke ja bai wuce wat 100 ba, wasu ko rabin haka ba su kai ba.

Ki sa manhajar auna haske a wayarki, ki ɗora wayar daidai kan ganyen. Ba ta da daidaito sosai, musamman da fitila shunayya, amma za ta buɗe miki ido. Ranar tsaka a waje takan kai lus 100,000, lus shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Ganye irin su latas na son 10,000 zuwa 15,000 na tsawon awa 14. Tumatir mai 'ya'ya sai 30,000 ko fiye. Ɗaki mai taga ɗaya da kyar yake ba da 1,000.

Maman Biyu: Malam, fitilar tana rataye a jikin katakon rufi, ta fi tsawona. Taga babu, sai ƙofa. Ina kunna ta da dare saboda da rana ake yawan ɗauke mana wuta. Amma fitilar tana da haske sosai fa, ido ma ba ya iya kallonta.

Injiniya: Idonki ba ganye ba ne. Haske yana raguwa da sauri in an yi nisa, in kin ninka tazara abin da ke isa ganye kan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sauke ta yau, ki ɗaure da igiya ta tsaya santimita 25 zuwa 30 daga kan tsiron. Ki sa bayan hannunki a wurin minti ɗaya, in ya yi zafin da ba ki jurewa ki ɗaga kaɗan. Bango ki shafa farar ƙasa ko ki manna farin buhu, zai mayar da hasken da ke tserewa.

Mai Lambun Bakin Binuwai: 'Yata, karyewar wuyan nan daban take da maganar fitila. Ruɓewar wuya ce, ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, kuma ruwan safe da yamman nan naki ne ke ciyar da ita, ga ɗaki ba iska. Wanda ya kwanta ya tafi, cire shi da ƙasar gindinsa ki zubar nesa. Daga yau ki tura yatsa cikin ƙasa gaɓa biyu, in da danshi kada ki ba da ruwa. Ruwan kuma da safe kawai, a gindi, ba a kan ganye ba.

Ƙasar reno ki haɗa ta haka: kwano biyu na ƙasar lambu, ɗaya na takin da ya ruɓe har ya daina wari, ɗaya na yashin kogi ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙona saiwa yake yi. Kafin ki shuka, ki jiƙa haɗin, ki zuba a farar leda mai nuna ciki, ki ɗaure baki, ki bar shi a rana mako biyu zuwa uku, zafi zai rage cutar sosai. Tumatir ɗin da ya yi tsawo bai kwanta ba, wajen dashe ki binne shi har kusa da ganyen farko, jikinsa zai fitar da sabuwar saiwa. Bokitin fenti mai lita 20, tushe ɗaya a kowane, a huda gindin wuri shida ko takwas da ƙusa mai zafi. Shi kuwa attarugu ba ya gaggawa, tumatir kan fito cikin mako ɗaya, shi yakan kai mako biyu zuwa uku, kada ki tone shi.

Amma gaskiyar magana, a garin da rana ke dukan mutum kyauta, ban ga dalilin sayen haske da kuɗi ba. Sanduna huɗu, wayar kaji zagaye, tsohuwar ragar sauro a sama, akuya ba ta shiga.

Maman Biyu: Baba na gode, amma ba ka san matar nan ba. Ko tabarma na shimfiɗa a tsakar gida sai ta yi magana. Ɗakin nan shi ne kaɗai wurin da nake da iko da shi, kuma na riga na kashe kuɗi a kansa.

Injiniya: To mu yi lissafin ɗakin, tunda shi kike so. Murabba'in mita ɗaya na tumatir, wato bokiti huɗu, yana son fitilar LED mai jan wat 250 na gaske, awa 16 a yini. Kilowat 4 ke nan kullum, 120 a wata. Mitar gida in ta wuce kilowat 110 a wata farashin kowane kilowat yana tashi daga sefa 50 zuwa 79, kin ga sama da jaka tara, wato sefa dubu tara, a wata, ban sa fanka ba. Daga shuka zuwa gama tsinka wata huɗu, kusan jaka arba'in. Bokiti huɗu in an yi sa'a su ba ki kilo 10. Raba ki gani: kilo ɗaya ya tsaya miki kusan jaka huɗu a wuta kaɗai. Wace kasuwa ce za ta saya haka?

Kuma ba a zo kan babbar matsalar ba. Muna ƙarshen Fabrairu. Maris da Afrilu a Garwa zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano marar taga ya fi haka, kuma duk wat ɗin da fitila ta ja zafi yake komawa a cikin ɗakin. Tumatir in rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ba, garin furensa mutuwa yake yi. Za ki ga itace kore shar, fure ya fito ya kaɗe, ɗa ko ɗaya babu. Attarugu ma haka yake zubar da fure. Lokacin tumatir a nan Oktoba zuwa Fabrairu ne, kin shigo ana tashi daga kasuwa.

Ɗan Kasuwa: Ai shi ya sa yake tsada a lokacin, da yana da sauƙi kowa zai yi. Mu da ke sayarwa mun sani, kwando ya taso daga kudu ya kwana a hanya, kafin ya iso rabi ya zama ruwa, ga kuɗin shingaye, sannan mai saye ya ce mu ne ɓarayi. Akwai iri masu jure zafi kamar Mongal F1 da Cobra F1, ki tambaya a shagon iri, sun fi wanda ake matsewa daga tumatirin miya. F1 haɗaɗɗen iri ne na kamfani, irin da aka cire daga ɗansa ba ya maimaita uwarsa.

Injiniya: Jure zafi na nufin digiri biyu ko uku a sama, ba ɗakin kwano a Afrilu ba.

Uwar Gida: Ita wutar ma ina take? Da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja sai rabo, unguwa ta yini ta kwana a duhu, takardar biya kuwa ba ta taɓa makara. Ni dai shawarata ki sa sola.

Injiniya: Sola na kilowat 4 a yini yana son faranti kusan wat 1,000, da batir in da dare za a kunna. Kuɗinsa ya ninka adashenta sau da yawa. Ki manta da tumatir a ɗakin nan, Hajiya. Abin da ɗaki ke iya biya ganye ne. A yi miki kanta mai tsawon santimita 120, faɗi 50. Dogayen ƙwayayen LED farare na shago, masu wat 18, waɗanda aka rubuta 6500K, guda huɗu a jere, santimita 15 zuwa 20 daga ganye. Wat 72 ne duka, awa 14, kilowat ɗaya a yini, 30 a wata. Ƙaramar fanka tana kaɗa ganyen a hankali, ƙofa a buɗe da raga. Yanzu da zafi ki sa alayyafo da na'ana'a, alayyafo mako huɗu zuwa biyar kin fara yanka. Latas ki bari sai Nuwamba, da zafi tsawo yake yi ya yi ɗaci. Kunnawar dare da kike yi ba laifi, ta fi ma sanyi, amma lokaci ɗaya kullum, kuma a bar musu duhu awa 8 ko fiye.

Mai Lambun Bakin Binuwai: Injiniya, alayyafon da ake ɗaurin sefa 50 a bakin kogi shi za ta noma da lantarki? Ni in ɗakin ne dole, to a cire fallen kwano biyu a sa na roba mai shigo da haske, a buɗe taga sama da ƙasa iska ta ratsa. Kuma kanta ɗin nan naka reno ya fi dacewa da ita. Ta reni dashen tumatir da tattasai da attarugu a Satumba, mako uku zuwa huɗu na tumatir, shida na attarugu, masu lambu su saya. A ɗaki mai raga farin ƙuda ba ya samunsu, shi ne ke kawo nannaɗewar ganye, kuma ruwan ƙarshen damina ba ya dukansu. A nan kuɗin yake.

Injiniya: Reno na yarda. Fallen roba ban yarda ba, tanda zai mayar da ɗakin.

Malama: Ba wanda ya yi maganar ƙwari. Ɗaki mai zafi da bushewa gidan jan gizo-gizo ne, ƙanana ne ƙwarai, sai kin juya ganye za ki ga ɗigo-ɗigo da siririyar saƙa. Man dogon yaro ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, da ɗan sabulun ruwa, a girgiza, a fesa bayan ganye duk mako, lokacin da fitila ke kashe. Maganin feshin auduga kada ya shiga ɗakin da ke rufe, balle kan abin da yara za su ci. Takin zamani kuma mai lamba 20-10-10 da ya cika kasuwa na ganye ne, ƙaramin cokali ɗaya a bokiti duk mako biyu, nesa da gindi. In fure ya fara sai a nemi wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi girma. A ɗaki babu iska babu ƙudan zuma, sai kin riƙa girgiza reshen fure da hantsi kafin ya ɗauka.

Sannan 'yar'uwa, hasken shunayya yana fita ta ƙasan ƙofa da tsakar dare, a gidan da ba kwa shiri da matar mai gida? Za a ce wiwi kike nomawa, kuma doka ta hana shi, jandarma ba sa wasa da zancen. Ki kira mai gidan da rana ya gani da idonsa tumatir ne.

Maman Biyu: Subhanallahi, ni da ko sigari ba na son warinta. Mai gidan ba zai yarda a taɓa masa kwano ba, kuma mitar wuta ɗaya ce muke rabawa, ban gaya musu zancen fitilar ba tukuna. Na sauke ta kamar yadda aka ce. Amma ni tumatir na sa a raina, wanda ya sayar mini ya ce mutane na yi a ƙasashen waje. In na jiƙa buhuna na rataya a ƙofa fanka na busawa, ba zai sauke zafin ba?

Injiniya: Zai sauke digiri kaɗan yanzu da iska ke bushe, daga Mayu ba zai yi komai ba. Mita ɗaya kuke rabawa? Hajiya, wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa.

Uwar Gida: Mitar haɗaka ita ce ta raba mu da maƙwabtanmu, mai firiza biyu ya ce a raba daidai.

Maman Biyu: To ina ake samun Mongal ɗin a Garwa, kuma nawa ne ƙaramin ƙunshi?