Neman shawara: yaro ɗan shekara uku da rabi, me zan riƙa yi da shi a gida?

Maman Abba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa uku da wata bakwai, Babansa ya ce ba za a sa shi makaranta ba sai sabon zango a watan Satumba. Ga goyon ƙanwarsa a bayana. Da safe in na shiga aiki ba abin da ke zaunar da shi sai waya, in na karɓe kuwa kuka har maƙwabta su leƙo. Na ga wasu mata a YouTube suna ware wa kowane mako abu guda, wannan makon dabbobi, na gaba launuka, su yi ta yanke-yanke da manne-manne da yaransu. Na sayo takardu masu kala da gam da fenti, kuɗin da ya isa cefanen kwana biyu. Minti biyar ya yi, ya juye gam ɗin a kan tabarma, ya yi gaba abinsa. Ni na ƙarasa kifin takardar ni kaɗai kamar wata 'yar aji ɗaya. Ni ce ban iya ba, ko shi ne bai kai ba?

Anti Malama: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Shekara tara ina koyar da 'yan nazare a Zariya, kuma wanda ya ba ki minti biyar a wannan shekarun ya yi miki kara. Kuskuren ɗaya ne, kin zaɓo abin da ba ya gabansa. Ina ya san kifi mai ruwan hoda? Ki ɗauko abin makon daga abin da gidan ke ciki. Ranar da za ki dafa wake, makon wake ke nan. Ranar wanki, makon ruwa: me ke nutsewa a baho, me ke tasowa, cokali ko marfin roba.

In launuka kike so, Hausa ta gama miki rabin aikin, don sunayen da kansu kaya ne: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Ki ajiye masa goro da toka da ƙasa a faranti, ya zagaya gida ya nemo abin da ya yi kama da kowanne. Fenti kuma yana madafinki. Zoɓo ja, kurkum rawaya, gawayi baƙi, bular wanki shuɗi. Tsohon buroshin haƙori da bayan kwalin taliya sun wadatar.

Ga wanda bai taɓa ba ni kunya a aji ba. Ki jiƙa zoɓo, ki sirka shi da ruwa ya yi haske, ki raba kofi uku. Na farko ki bar shi. Na biyu ya matsa lemon tsami da hannunsa, zai ga jan ya ƙara fitowa. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa, nan take zai rine ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Ki kalli idonsa a lokacin. Amma na kanwar da na bular ba na sha ba ne, ki zubar da an gama.

Batun waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban waya ko talabijin, kuma ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Wato guje-gujen da yake yi miki a tsakar gida ba ɓata lokaci ba ne.

Baban Ummi: Malama a yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Yaron da zai shiga makaranta nan da 'yan watanni, ba gara a zaunar da shi ya iya A B C da alif ba ta ba? Wasa ai ba sai an koya wa yaro ba. Tawa 'yar da aka kai ta gwajin shiga, ƙirga ɗaya zuwa ashirin aka tambaye ta, ba wanda ya tambaye ta ruwan kanwa.

Anti Malama: Baban Ummi, ban ce a bar harafi ba. Amma na sha karɓar yaro yana rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, ka ce ya miƙo maka cokali huɗu ya kwaso duka. Ya ƙirga kwanukan da za a zuba abinci, ya raba wa kowa cokali ɗaya, nan lissafi ke shiga. Rubutu kuma a zuba yashi a tire ya ja alif da yatsa. Yatsun ba su yi ƙwarin riƙe fensir na dogon lokaci ba tukuna, murza laka da yage takarda ne ke ƙarfafa su.

Hajiya Kaka: 'Yata, ku yanzu komai sai an saya. Mu da kara muka tashi. Bayan an yanke dawa a samo kara busasshe, a ɓare ɓawon, farin cikin nan mai laushi a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, a riƙa soka siraran ɓawon a ciki. Tabarau, gado, mota, har keke yayyenmu maza ke haɗawa. Ke za ki ɓare masa fa, ɓawon kara yana yanka kamar reza. In kuna da masu ginin tukwane kusa ki roƙi ɗan yumɓu, ya gina tukunya da murhu da saniya, a shanya a rana. Ta karkace, ta karkace. Kada ki gyara masa, in kin gyara ta zama taki. Da dare ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da safe ki ce ya gina miki Gizon.

Maman 'Yan Biyu: Gaisuwa daga Maraɗi. Makon waken nan na yi shi da nawa, ya yi daɗi. Mun yanke gorar ruwa ta roba, muka huda ƙasanta, muka zuba ƙasa, kowa ya binne ƙwaya uku. Cikin kwana huɗu zuwa biyar suka tsiro, kullum da safe sai sun gaishe shi kafin su gaishe ni. Kada ki yi da gwangwanin tumatir, bakinsa na yanka. Sai dai ki ji abin da ya same ni: na juya baya ina kwashe tuwo, Hassan ya tura ƙwaya ɗaya a hanci. Na so ciro ta da tsinke, Allah ya sa maƙwabciyata ta hana ni, sai asibiti aka cire. Wake, tsakuwa, ƙwallon dabino, maɓalli, duk ki ƙirga su kafin ki ba shi, ki ƙirga bayan an gama, balle ke mai ƙaramar da za ta fara rarrafe.

Maman Abba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari. Zoɓon mun yi shekaranjiya, sau huɗu ya sa na maimaita, har kanwar miyata ta ƙare, kuma bai tambayi waya ba sai bayan azahar. Waken ma mun shuka, ƙwaya uku a ƙirge. Yau da safe na tarar ya tone ɗaya wai yana duba ko ta farka, ga ɗan farin saiwa ya fara fitowa. Hajiya, in mayar da ita ko mu shuka wata?

Hajiya Kaka: Ki ba shi ya mayar da ita da kansa, saiwar ta kalli ƙasa. Ki ajiye wasu ukun a gefe, gobe ma zai tone.