Masu ciwon MS a Saudiyya: abin da ke fayil ɗin ta'amin (inshorar lafiya) ya yi daidai da jikinku?

Maman Hanan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Likitan jijiyoyi da ke duba ni ya ce min masu bincike a Amurka da Turai suna ƙoƙarin auna yadda ciwon MS, mai lalata rigar jijiyoyi, ya naƙasa mutum ba tare da sun sa shi a ido ba. Bayanan da asibitoci ke tura wa kamfanonin inshora kawai suke bi: lambar ciwon, wato G35, magungunan da aka biya, kwanciyar asibiti, ko an saya wa mutum sanda ko keken guragu. Dariya ce ta kama ni. In aka bi nawa bayanan, garau nake, don sandar da nake dogarawa a saidaliya, wato kantin magani, na saye ta da kuɗina, ban ga amfanin zaman jiran muwafaƙa, wato amincewar kamfani, a kan 'yan riyal kaɗan ba. Ku fa, yaya naku yake?

Abu Yasir, Riyad

Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi Maman Hanan. Ni ƙanwata ce mai ciwon, amma a sashen kuɗi na wani asibiti nake aiki, kullum ina tura irin waɗannan bayanai ta manhajar Nphies. Abin da ke wucewa ta hannuna lamba ce da farashi. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen auna naƙasar, EDSS, wanda John Kurtzke ya fitar a 1983, yana cikin rubutun likita ne, ba a takardar neman biya ba. Daga 0 yake zuwa 10. Mai 4 zai yi tafiyar mita 500 ba sanda ba hutawa, mai 6 sai da sanda zai yi mita 100, mai 7 kuma ya koma keke. To mai bincike da ba shi da wannan lamba dole ya yi kirdado: ya ga an biya baclofen na ɗaurewar tsoka, an biya maganin riƙe fitsari, an biya gashin ƙashi, sai ya ce wannan ciwonsa ya yi nisa. Wanda bai bar sawun kuɗi ba kuwa, a wurinsa lafiyarsa lau.

Hajiya Babba, Makka

Ɗana Abu Yasir, ai ko ita lambar likitan ba ta gama faɗin gaskiya ba. A ina ake gwada tafiyar? A barandar asibiti mai santsi, sanyin AC na busa ka, da safe jiki bai gaji ba. Likita na biye da ni yana kallon ƙafata, ni kuma ina ta ƙoƙarin kada in ji kunya, sai in miƙe tsaf kamar ba ni ba. Ya rubuta 4. Ya zo ya gan ni bayan azahar a watan Yuli, ina hawan tudun unguwarmu. Ƙafar hagu sai ta fara jan ƙasa, takalmin ya riƙa karta, idon dama ya yi hazo, in tsaya in dafa bangon mutane ina yi kamar waya nake dubawa. Da na shiga ɗaki na sha ruwan sanyi, kafin la'asar komai ya dawo daidai. Likita ya ce ba sabon tashin ciwo ba ne, zafi ne ke rage gudun saƙo a jijiyar da rigarta ta riga ta lalace.

Sa'ayi kuwa, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kusa kilomita 3. Yanzu sai a keke, jikana ke tura ni. Wane kamfani ne ya san da wannan? Jikan nan ba ya rubuta rasit.

Direban Madina

Allah ya ba da lada Hajiya. Nawa ya sha bamban, don ƙafafuna lafiya suke, a ma'aunin ma ban wuce 2 ba. Gajiya ce da hannu. Yatsun dama sun yi dindiris, makulli ya faɗi ban ji ba, ga wata kasala da ke saukar min da rana wadda barci ba ya maganinta. Mai tuƙa baƙi daga filin jirgi ba zai yi wasa da wannan ba, na ajiye aikin. To ta'amin ɗina a kan aikin yake, kafili, wato mai gidana, ne ke biya. Aiki ya tsaya, kati ya mutu, na yi watanni ban sha magani ba, ban ga likita ba. Wanda ya buɗe bayanan zai ga ba allura, ba hoton MRI, ba kwanciya, ya ce bawan Allah ya samu sauƙi. Alhali lokacin ne na fi shan wuya tun da aka gano ciwon.

Ummu Rayyan, Jidda

Mu da muke da katin ɗan ƙasa a asibitin gwamnati ake duba mu, ƙarin ruwan ocrelizumab duk wata 6 can nake yi, kamfani bai san da zamana ba. Kuma kun san akwai 'yan uwanmu a unguwanni da igamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ko ba su taɓa samu ba. Su ba a ko fara lissafi da su ba.

Malam na Ɗa'ifa

Ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Ni malamin lissafi ne, matata ce ke fama, kuma ban ga laifin masu binciken ba. Ba fayil ɗin Maman Hanan suke son sani ba, dubban mutane suke haɗawa su ga wane magani ne ya fi jinkirta zama a keke. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta ce masu ciwon a duniya sun kai miliyan 2.8, mata sun ninka maza. Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya da agogo? Sai dai kuskuren yana zuwa ta ɗaya gefen ma. Lokacin da ciwon ya tasar wa matata, aka yi mata ƙarin ruwan kotizon, kamfani ya biya mata keke. Ta warware, tana zuwa kasuwa da ƙafarta, keken yana bayan ƙofa yara na wasa da shi. A takarda kuwa har gobe mai keke ce. Abin da zan ji tsoro shi ne ranar da za a ɗauki irin wannan kirdado a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi, a ce maganin nan mai tsada bai kamace shi ba.

Abu Yasir, Riyad

Gaskiya ne Malam. Shi ya sa nake ce wa ƙanwata duk zuwa ta roƙi likita ya rubuta lambar EDSS a rahotonta, ya kuma rubuta sandar ko da ita ta saya. In akwai gwajin tafiyar tsawon ƙafa 25 da na jera 'yan sanduna a ramuka 9, a yi mata, na biyun ne ke nuna hannu. Direba, wannan na biyun kai ya shafa. Takarda mai lamba ta fi saurin samun muwafaƙa a kan wadda aka rubuta "yana jin rauni" kawai.

Direban Madina

Na gode Yaya. Na samu sabon kafili, kati zai fito in sha Allah. Wanda ya taɓa canza kamfanin ta'amin yana tsakiyar magani ya gaya min, tsohon hoton MRI suke karɓa ko sai an sake sabo?