"None of them is" ko "none of them are": wanne ne daidai?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Masu ilimin Turanci ku raba mana gardama don Allah. 'Yata ke shirin WAEC bana. Jiya ta dawo daga lesin da takardarta, ta rubuta "None of the girls are in the class", malamin ya ja wa "are" jan biro ya maye da "is". Ni kuwa kunnena ya saba jin Turawa a rediyo suna cewa "none of them were". Babansu ya tsaya wa malami, wai malami ba ya kuskure, ni na tsaya wa yarinya. Har aka kwashe kwanukan tuwo ba mu daidaita ba. Wai ita "none" ɗin nan tilo ce ko jam'i?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam Hajiya. Malaminta na kan daidai. "None" tana nufin "not one", wato babu ko ɗaya. Ɗaya kuwa tilo ne, don haka "is". Haka aka koya mana, haka muka koyar har muka aje alli.

Ɗan Samaru: Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan ja da ku. Batun asali kun faɗi gaskiya. A tsohon Turanci "nan" ake ce mata, an haɗa "ne" mai kore magana da "an" wadda ita ce ta zama "one" ta yau. Daga wannan "an" ɗin aka samu "a" da "an" da muke sa wa a gaban suna, har "alone" ma "all one" ce aka dunƙule. Ita kanta "no" ta "no money" guntuwar "none" ce, ƙarshenta ya faɗi kamar yadda na "an" ya faɗi ta koma "a".

Amma asalin kalma ba shi ke yanke mata hukunci ba, bakin masu harshe ne. Tun zamanin Sarki Alfred a ƙarni na 9 Turawan Ingila ke amfani da ita a matsayin jam'i, suna kuma yin ta tilo. Dokar "dole sai tilo" daga baya malaman nahawu suka kafa ta. H. W. Fowler, masanin nahawun Turanci wanda aka sani da tsanani a kan ƙa'ida, ya rubuta a littafinsa na 1926 cewa kuskure ne a ɗauka tilo kaɗai take zama.

Mu ma fa muna da wannan zaɓin. Kana iya cewa "babu wadda ta zo", kana iya cewa "babu waɗanda suka zo", ya danganta da abin da ke ranka. Idan kana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, "is". Idan taron kake kallo, "are". Jimlar Ummi lafiyarta ƙalau.

Anti Bilki: Ƙarin bayani kaɗan: idan abin ba ya ƙirguwa, babu zaɓi. "None of the water is clean", ba a cewa "are". Sannan don Allah a gaya wa yara ana furta ta kamar kalmar Turanci "nun", ba "non" da muke ja ba. Tambayoyin furuci na WAEC suna son irin wannan tarko.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. To Ɗan Samaru, in ta shiga ɗakin jarrabawa ta ga zaɓi biyun, wanne za ta ɗauka? Tarihin Sarki Alfred ba zai ba ta maki ba.

Ɗan Samaru: Hajiya, ta ɗauki "is". Yawancin littattafan da ake koyar da yaranmu da su a nan tilo suke so, kuma "is" ba ta taɓa zama kuskure a rubutu na hukuma. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ce mata abin da ta rubuta ba Turanci ba ne.

Tsohon Hedimasta: Ka ga kai ma ka dawo layinmu, yaro. Hajiya, a ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa.

Maman Ummi: Baba, ai wannan amsar taku kaɗai zai karanta, na san shi.